Sashe Na Tara

An ce haihuwa mai rana ce. Wanda ya fara faɗar haka dai bai ce wace irin rana ba.

Ɗakin da aka mayar da Malama yana ƙuryar gidan ɗanta, bayan kicin, jikin rumfar janareta. Da sito ne, har yanzu kuma bai gama zama ɗaki ba. Gado ɗaya, bokiti mai murfi, sai ɗaurin fastocin zaɓe a nannaɗe jingine da kusurwa, kowanne da fuskar ɗan nata yana murmushi, a ƙasa an rubuta: Ɗan Majalisar Jiha, Gatan Tsofaffi. Tagar ɗaya ce, mai sandunan ƙarfe. In ta ja jiki ta dafa bango da hannun hagu, tana hango rabin ƙofar gidan da bencin maigadi. Ƙofar ɗakin kuwa daga waje ake rufe ta.

Wata tara ke nan da ɓarin jikinta na dama ya shanye. Hannun ya mutu, ƙafar sai ja, baki ya karkace har magana ta koma fita a taune. Amma kai lafiya lau yake. Wannan ta tabbata, don kullum da safe sai ta gwada shi. Shekara talatin ta yi tana tsayar da 'yan firamare su rera mata jadawalin sau, yanzu ita ke tsayar da kanta. Daga biyu sau ɗaya har sha biyu sau sha biyu, ba ta taɓa kofin shayi sai ta kai ƙarshe. In ta kai, sai ta ce a ranta, "To, ina nan."

Laifinta guda ne, wata biyar da suka wuce ta yi shi. Ranar ta dogara sanda ta fito falo, ta tarar da manyan jam'iyya sun cika kujeru. Ɗan nata, wanda kowa ke ce wa Onarabul har da matarsa, yana jero musu ayyukansa: rijiyoyin burtsatse, titin kasuwa, da sabon rufin da ya yi wa firamaren da ita Malama ta shugabanta kafin ta yi ritaya. Ta tsaya a bakin ƙofa.

"Wane rufi?" ta ce. Maganar ta fita a karkace, amma ta fita. "Aji uku har yau sama suke kallo. Malaman sun zo gaishe ni, sun faɗa mini."

Wani mai tumbi ya ƙirƙiro tari. Onarabul ya yi dariya, ya taso ya dafa kafaɗarta.

"Ku yi haƙuri, tun da ciwon nan ya same ta Mama take ruɗewa. Wani lokacin ma da sunan marigayi babanmu take kirana."

Ba ta taɓa yi ba. Washegari aka kwashe buhunan shinkafa daga sito aka saka gado.

Surukarta, matar Onarabul, ita ke kawo ƙwayar. Fara ce, 'yar ƙarama, safe da yamma.

"Mama, ga maganin hawan jininki."

"Na hawan jini ja ne."

"An canza. Likita ya ce."

"Wane likita?"

"Kai, Mama! Ke komai sai kin yi wa mutum jarrabawa. Nan fa ba aji ba ne. Haɗiye, ina da baƙi."

Babu likitan da ya taka ɗakin. Amma da wa za ta yi gardama, da bakin da sai an yi niyya ake gane shi? Ta haɗiye. Ta riƙa haɗiyewa, tana barci da rana tsaka kamar an danne ta da dutse, ta farka ba ta san ko safiya ce ko yamma ba. Wata rana ta farka ta ji zaninta a jiƙe. Ta daɗe tana kallon rufin ɗakin, ita da ta yi shekaru tana rufa wa 'yan aji ɗaya irin wannan asirin. Wannan kunya ce kawai, ana iya jurewa. Tsoro sai da safiyar da ta kai sha ɗaya sau sha biyu ta tarar babu komai a wurin. Ta koma baya ta sake taho, kamar mai neman tsani a duhu, nan ma babu. Hannu ya tafi ta haƙura, ƙafa ta tafi ta haƙura. In kai ya tafi, wa ya rage da zai san ƙarya aka yi mata?

Onarabul yakan leƙo sau ɗaya a mako. Ba ya shigowa, a bakin ƙofa yake tsayawa, waya a hannu, turarensa na kokawa da warin bokiti.

"Ƙwayar nan," ta ce masa, "tana cin kaina."

"Hutu take sa ki, Mama. Ai kin sha wahala da mu, yanzu lokacin hutunki ne."

"Ka fitar da ni."

"Wallahi don mutuncinki nake yi. Kin san 'yan adawa. Su ɗauke ki a waya kina wata magana, su watsa ki duniya, a yi ta dariya da uwata? Ba zan iya gani ba. Wata uku ya rage zaɓe. Da an gama, ɗakin sama za ki koma, har da na'urar sanyi."

"Ina Auta?"

"Auta kuka take sa ki. Na ce ta ɗan dakata sai kin ji sauƙi."

Mutum in zai zalunci nasa ba ya cewa zalunci zan yi. Cewa yake zan hutar da shi.

Kuncin da ya mutu ne ya yi mata rana. Ta gano cewa in ta tura ƙwayar can gefen dama da harshe, tana iya kurɓar ruwa ƙwayar na nan maƙale, fuskar kuma ba ta nuna komai, don dama ba ta motsi. Da surukar ta ja ƙofa, sai ta zaro ta, ta jefa cikin ramin nannaɗen fastoci. Kwana huɗu a haka, sha ɗaya sau sha biyu ya dawo gida: ɗari da talatin da biyu. Ta yi kuka ba sauti. Sai dai wani sabon tsoron ya maye gurbin tsohon. Dole ta riƙa yin barcin ƙarya. Da ta ji takun silifa sai ta saki baki, ta lumshe ido, tana jin idon surukar yana yawo a kanta, tana roƙon Allah kada numfashinta ya tona ta.

A cikin waɗannan kwanakin ne rediyon maigadi ya kawo mata muryar ɗanta. Da hantsi ne, ana hira da shi a kan abin da ya yi a majalisa cikin shekara huɗu. Ya faɗi rijiyoyi, ya faɗi titi, ya faɗi rufin makaranta, bai ko yi tuntuɓe ba.

"Amma abin da na fi alfahari da shi," ya ce, "shi ne Dokar Kare Tsofaffi. Ni na kawo ƙudirin, gwamna ya sa hannu. Duk al'ummar da ta wulaƙanta tsohonta ta tona wa kanta rami."

Malama ta ƙanƙame sandar tagar. Ta san dokar nan. Bara, tun tana da lafiya, shi da kansa ya kawo mata daftarin ta duba masa, kamar yadda ta saba duba masa duk jawabin da zai yi. Ta zauna da jan birota ta bi shi layi-layi, sashe goma sha biyar. Na taran ne ya sa ta cire tabarau. Idan aka kai ƙorafi cewa ana tsare da tsoho ko ana cutar da shi, jami'in walwala yana da ikon shiga gidan ya gan shi ido da ido, ba sai da izinin mai gida ba.

"Har gidan ɗan majalisa?" ta tambaye shi a lokacin, tana zolaya.

"Har gidan gwamna, Mama."

Ashe maganin yana hannunta. Saura wanda zai kai ƙorafin.

Auta tela ce, ita ce ƙaramar 'yarta. Wata biyar ana mayar da ita daga bakin ƙofa, sai ga shi ranar Litinin an aika an kira ta. Za a ɗauki bidiyon yaƙin neman zaɓe, Onarabul da mahaifiyarsa, ana son sabuwar riga, telan waje kuma zai fita da labari. Ta shigo da tef a wuya da littafin awo, ta ga ɗakin, ta ga bokitin, ta ga uwar. Ta durƙusa a gaban gadon.

"Mama..."

"Banda kuka," in ji surukar daga bakin ƙofa. "Yayanki ya ce awo kawai."

Auta ta zagaya tef a damtsen uwar, ta duba tsohon awo a littafi.

"Inci uku ta ragu, Anti. Me kuke ba ta?"

"Abin da muke ci. Tsufa ne."

Wayar surukar ta yi ƙara. Ta duba, ta gyara murya, ta fita tana "Ranki ya daɗe, yanzu nake shirin kiranki." Malama ta buɗe ido tar. Ta fizgi fensirin Auta da hannun hagu, ta danne littafin da gwiwa, ta rubuta da haruffa masu rangaji kamar na ɗan aji ɗaya: DOKARSA. SASHE 9. OFISHIN WALWALA. Sannan ta nuna fastocin. Auta ta karkata nannaɗen, fararen ƙwayoyi suka gangaro tafinta.

"Innalillahi! Mama, ashe ba ruɗewa kike ba?"

"Bakwai sau takwas," in ji Malama, "hamsin da shida."

Auta ta yi dariya da hawaye tare, sai kuma dariyar ta ɗauke.

"Mama, Yaya ne fa. Shagon da nake ciki ma nasa ne. In ya gane ni ce..."

Takun silifa. Auta ta mayar da ƙwayoyin, ta rufe littafi. Malama ta saki baki ta lumshe ido, ba ta san abin da 'yar ta yanke ba.

Talata ta wuce. Laraba ta wuce. Duk ƙarar mota sai ta ja jiki zuwa taga. Ranar Alhamis da hantsi aka buga ƙofar gida, maigadi ya buɗe ƙaramar, ta hango gefen mayafin Auta, da wata mata mai fayil a hammata da katin aiki rataye a wuya. Malama ta rungume sandunan tagar ta kasa kunne.

"Daga ofishin walwala nake," in ji matar. "An kawo ƙorafi a kan wata dattijuwa a gidan nan."

"Onarabul yana zaman majalisa," in ji maigadi. "Ni kuma ƙofa aka ba ni, ba a ba ni baki ba. Bari in kira matar gidan."

Surukar ta fito a natse, ta gaida jami'ar har da tambayar gajiya, ba ta ko kalli Auta ba.

"Mama tana barci, ba ta da lafiya. Kina da takardar izinin mai gida?"

"Ba sai da izini ba!" Muryar Auta ta tashi. "Sashe na tara! Karanta mata!"

Jami'ar ta sunkuyar da kai.

"Na faɗa miki tun a ofis, 'yar'uwa, kika ce dai mu zo." Ta buɗe wani ɗan littafi ta karanta, kamar mai karanta sakamakon da ta san an faɗi. "Jami'in walwala yana iya shiga gida ya ga tsohon, bayan samun rubutaccen izinin mai gidan."

"Ba haka yake ba. Mama ta ce..."

"A ƙudirin farko ba haka yake ba, gaskiyarta. Mu ma mun yi murna da shi. A kwamiti aka gyara."

"Wa ya gyara?"

Jami'ar ta kalli katangar gidan, ta rage murya, amma iska ta kawo.

"Wanda ya kawo ƙudirin. Ya ce gida yana da alfarma, bai kamata hukuma ta riƙa kutsa wa mutane sirri ba. Wata huɗu ke nan."

Malama ba ta so yin lissafin ba, kan ne ya yi da kansa. Biyar a ɗebe huɗu. Wata ɗaya bayan an saka gado a sito.

Ta buɗe baki ta kira. Ba suna ta kira ba, ƙara ce kawai, irin wadda rabin maƙogwaro ke iya fitarwa. Kan Auta ya juyo.

"Kun ji? Ita ce! Mama!"

"Maigadi," in ji surukar, "tayar da janareta, wuta ta ɗauke."

Ƙwan fitilar ɗakin Malama yana ci. Janareta ya tashi a jikin bangonta, gado ya kama karkarwa, hayaƙi ya shigo ta taga. Ta ci gaba da kira har ta daina jin kanta. Ta cikin sanduna ta ga jami'ar tana bayani da hannu, ta ga ta zaro wata takarda ta miƙa wa surukar, ta nuna mata wurin da mai gida zai sa hannu. Ta ga Auta ta riƙe ƙofar, maigadi yana ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya, cikin ladabi, yana ba ta haƙuri.

Kafin la'asar surukar ta birkice ɗakin. Ta ɗaga katifa, ta zazzage matashi, daga ƙarshe ta girgiza fastocin. Ƙwayoyi suka watsu a siminti, wasu suka tsaya a kan fuskar Gatan Tsofaffi.

"Ashe wasa kike da hankalinmu! Mu muna hidima da ke, ke kina haƙa mana rami?"

Da yamma Onarabul ya shigo. Karo na farko ya tsallako bakin ƙofa, ya zauna a gefen gadon. Bai ɗaga murya ba. Da ma ya ɗaga, da tsoron bai kai haka ba.

"Mama, ni kika kai ƙara? Ni?"

"Sashe na tara," ta ce.

"Siyasa ce, ba aji ba ce da za a ce sai goma bisa goma. Dattawa suka taso, suka ce ina so a riƙa shiga gidajen mutane ana leƙa ɗakunan iyayensu. Da ban sassauta ba, da dokar gaba ɗaya ta mutu. Sauran sassa goma sha huɗu sun wuce lafiya. Katin asibiti kyauta, layin tsofaffi daban a banki, kujerar gaba a mota. Dubban tsofaffi za su amfana. A yar da duk wannan saboda layi ɗaya?"

"Waɗanne dattawa?"

Ya kai hannu ya ja kunnensa na hagu. Tun yana ɗan shekara shida, in ya ce ya yi aikin gida alhali bai yi ba, kunnen nan yake ja. Ta kalli hannun. Ya ga tana kallo, ya sauke.

"Auta ba za ta ƙara shigowa ba," ya ce yana miƙewa. "Ki huta, Mama. Saura ƙiris."

Daga ranar ba a ƙara kawo ƙwaya a tafin hannu ba. Shayin ne ya ɗauki wani ɗaci a ƙasan sukari. Ta ƙi shayi, ɗacin ya koma miya. Ta ƙi miya, ya koma ruwan sha. Kwana biyu ta yi ba ta kurɓi komai ba, leɓɓanta suka tsage, harshe ya zama kamar busasshen soso. A na uku ƙishirwa ta ci gardama. Ta sha tana kuka, ta san abin da take sha.

Ranar ɗaukar bidiyo aka yi mata wanka, aka saka mata rigar da Auta ta ɗinka, wadda direba ya karɓo, aka ɗauko ta a kujera zuwa falo. Fitilu sun dalle ta. Onarabul ya durƙusa a gabanta ya riƙe hannun nan da ya mutu. Akwai maganar da take so ta faɗa wa mutanen nan masu kyamara, ta san akwai, tana jin ta can nesa kamar kira daga tsallaken kogi.

"Mama, ɗan yi murmushi," in ji mai ɗaukar hoto.

Ba ta yi ba. Bakin ne dama a karkace.

"Yauwa! Haka ya yi. Kai, uwa da ɗa, abin sha'awa."

Jihar ta yaba da dokar, kuma ba laifi, dokar tana da kyau. Tsoho zai je asibiti da katinsa, in an bar shi ya fita. Zai tsaya a layinsa na banki, in an bar shi ya fita. Duk wanda ba ya buƙatar ceto, dokar ta cece shi. Wadda ke bayan ƙofa kuwa, an rubuta mata cewa a nemi izinin mai makulli. Takardar izinin tana nan a teburin falo, an ɗora mata kofi, har ya bar mata zobe.

Wata safiya Malama ta farka, haske na shigowa ta sanduna. Kofin shayi na kan kujera yana tururi. A waje rediyon maigadi yana tallar zaɓe, wata murya mai daɗi tana cewa wanda ya riƙe uwarsa shi zai riƙe taku. Ta gyara zama ta fara, kamar kullum. Biyu ta wuce. Uku ta wuce. Biyar ta zo da gudu, dama yara sun fi son ta. Shida ta yi ɗingishi amma ta iso.

Bakwai sau shida, arba'in da biyu. Bakwai sau bakwai, arba'in da tara.

Bakwai sau takwas.

Ta jira. Ta sake tambaya da ƙarfi, irin yadda take yi in 'yan bencin baya suna surutu. Ajin ya yi tsit. Ta bi layi-layi da ido, babu wanda ya ɗaga hannu.

Sakata ta yi ƙara, surukar ta leƙo.

"Mama, shayinki zai huce."

Malama ta kalli kofin. Akwai dalilin da ya sa ba ta shan shayi sai ta gama wani abu. Ta nemi dalilin, shi ma bai ɗaga hannu ba. Ta miƙa hannun hagu ta ɗauka.